Wace Irin Ƙasa Ce Zuciyarmu?

Duk wanda ya taɓa noma a wannan yanki namu ya san iri ɗaya ba ya ba da amfani ɗaya a ko'ina. Geron da aka shuka a jigawar Babura daban yake tashi da wanda ya faɗa a gindin duwatsun Kazaure ko na Roni. Da wannan abin da kowane manomi ya sani ne Ubangiji Yesu ya koyar da taro a bakin Tekun Galili, cikin misalin mai shuka (Markus 4:1-20). Irin shi ne Maganar Allah, ba shi da aibi. Bambancin yana wajen ƙasa, wato zuciyar mai ji.

Ƙasa ta fari ita ce bakin hanya, wadda ƙafafu suka tattake har ta zama fako. Iri yakan tsaya a sama, tsuntsaye su tsince. Haka muke idan mun saba da wa'azi har ya daina taɓa mu, ko kuwa muna ji muna cewa da wane ake. Kafin mu kai gida Shaiɗan ya ɗauke abin da muka ji.

Ta biyu ita ce ƙasa marar zurfi a kan dutse. Shuka takan fito da wuri, amma da ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki sai ta bushe, domin ba ta da saiwa. Mu masu bi ba mu da yawa a Jigawa. Idan ba'a ko matsi ya zo saboda sunan Almasihu, murnar ranar taro kaɗai ba za ta riƙe mu ba.

Ta uku ita ce mai ƙaya. Yesu ya fassara ƙayar da damuwar duniya, da ruɗin dukiya, da kwaɗayi. Manomin Gwiwa zai gane wannan idan ya tuna da wuta-wuta. Takan kama saiwar dawa ko gero a ƙarƙashin ƙasa, tana tsotsa tun ba a gan ta ba. Kafin furenta ya bayyana ta riga ta yi ɓarna. Tunanin bashi, kuɗin makaranta da tsadar taki sukan cinye mu haka, muna zuwa sujada amma ba ma girma.

Ta huɗu ita ce ƙasa mai kyau, wadda ta karɓi iri ta ba da riɓi 30, 60, har 100.

Albishir ɗin shi ne, gona tana gyaruwa. Manomi yakan fasa fako, ya kwashe tsakuwa, ya kai taki, ya yi noman fari, ya yi maimai. Ta bakin annabi Irmiya Allah ya umarci mutanensa su kafce saurarsu, kada su yi shuka cikin ƙaya (Irmiya 4:3). Ya kuma yi alkawarin cire zuciyar dutse ya ba da mai taushi (Ezekiyel 36:26).

To, ta yaya za mu gyara tamu? Mu yi addu'a kafin mu fita sujada. Mu koma gida mu buɗe nassin da aka karanta tare da iyali, kamar mutanen Biriya da suke bincika Nassosi kowace rana (Ayyukan Manzanni 17:11). Mu ɗauki abu guda mu aikata a makon, ko da neman gafarar wanda muka ɓata wa ne. Idan Maganar ta tsauta mana, kada mu yi fushi da mai wa'azi, mu tuba.

Ran Lahadi za a sake yafa iri. Ubangiji ya sa ya tarar da zuciyarmu a gyare. Amin.