Yaye ba kaka: yadda ƴan Nijar mazauna Faransa ke renon ƙananan yara

A Maraɗi ko Tasawa, ranar da za a yaye yaro ba uwarsa ce ke shan kukan daren farko ba. Ɗaukarsa ake yi a kai shi gidan kaka ko wajen wata gwaggo, a dama masa kunu, a yi ta lallashi har ya manta da nono. Wani yaron ma daga nan ya zama ɗan gidan, ba zai komo ba sai ya isa shiga lakol. Matar da ke zaune a hawa na shida na wani bene a Liyon ko a gefen birnin Paris kuwa ba ta da inda za ta kai nata. Ita ce mai hana nonon, ita ce mai lallashi, kuma gari na wayewa ta kama hanyar aiki.

Ƴan Nijar da ke Faransa, ɗalibai ne ko ma'aikata ko matan da suka bi mazajensu, sun san cewa tsakanin shekara 1 da 3 ne reno ya fi nauyi. Yaro ya fara tafiya, bai san wuta ba, bai san taga ba, kuma bai kai shiga makaranta ba. A daidai wannan lokaci ne dangi ke yawan cewa a waya: ku turo mana shi mana. Maganar ba ta da sauƙi kamar yadda ake jin ta daga gida.

Wa ke riƙe yaro da rana?

Hutun haihuwa a Faransa mako 16 ne ga ɗa na farko da na biyu, 6 kafin haihuwa, 10 bayanta. Ke nan jariri na da wata biyu da rabi uwa za ta koma aiki. Uba kuma, tun watan Yuli na 2021, yana da kwana 28. Bayan nan dole a samo wanda zai riƙe yaron.

Hanya ta farko ita ce gidan reno da ake kira kiresh, wanda ke karɓar yara har su kai shekara 3. A yawancin waɗannan gidaje kuɗin ya danganta da abin da iyaye ke samu, don haka mai ƙaramin albashi ba ya biyan da yawa. Matsalar ita ce gurbi. A manyan birane ana rubuta suna a ma'aikatar magajin gari tun yaron na ciki, kuma duk da haka ba kowa ke samu ba. A nan Bahaushiya kan makara. Ta tashi inda ba a maganar ciki sai ya fito da kansa, sai ga ta a ƙasar da ake cike masa takarda tun bai fara motsi sosai ba.

Hanya ta biyu ita ce mace mai reno a gidanta, wadda hukumar jiha ta ba izini bayan an duba gidan an kuma ba ta horo. Tana iya riƙe yara har 4. Kada a haɗa ta da ƴar renon da muka sani, yarinyar da ake ɗaukowa daga ƙauye a ba ta goyo. Wannan ma'aikaciya ce, iyayen yaro kuma su ne masu ba ta aiki: akwai yarjejeniya a rubuce, da takardar albashi kowane wata, da hutun shekara. Asusun taimakon iyali na CAF yana ɗaukar wani kaso na kuɗin. Uban da ya makara da minti 30 wajen ɗauko ɗansa zai gan su a lissafin ƙarshen wata.

Hanya ta uku, wadda ba a cika maganarta ba, ita ce uwa ta zauna gida. Daga nesa kamar hutu ne. Amma a watan Disamba rana na faɗuwa a Paris wajen ƙarfe 5, ga sanyi, ga ruwa, kuma fita da yaro na nufin sa masa tufa kan tufa. Ba tsakar gida, ba ƙofar gida, ba ƴaƴan maƙwabta da za su ja shi wasan ƙasa. Idan ya yi gudu a ɗaki, wanda ke hawan ƙasa yana jin kowane taku a bisa kansa, wani har ya hau ya ƙwanƙwasa ƙofa. Sai uwa ta wuni tana cewa bari, sauka, yi shiru. In ta gaji ta miƙa masa wayar salula, alhali a cikin karnen lafiyar yaron an rubuta shawarar a nisanta shi da tele da waya kafin shekara 3. Shawarar gaskiya ce, sai dai wanda ya rubuta ta ba shi ne zai dafa tuwon dare da yaro riƙe da zani ba.

Akwai wuraren da aka tanada domin irin wannan kaɗaici, kuma baƙi da yawa ba su san da su ba. A unguwanni da dama akwai ɗakunan da uwa ko uba ke zuwa da ƙaramin yaro ya yi wasa da wasu, kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ba tare da an rubuta suna tun da wuri ba. Tushensu wani gida ne da Françoise Dolto da abokan aikinta suka buɗe a Paris a 1979. Ɗakunan karatu na gari ma suna da ɓangaren ƙananan yara, kuma shiga ba a biya.

Inda hukuma ta zauna a gurbin tsofaffi

A gida, tsohuwa ce ke duban yaro ta ce wannan haƙori ne, wannan kuma a tafi likita. A Faransa wannan aiki na hannun PMI, ma'aikatar kula da lafiyar uwa da yaro da aka kafa a 1945. Tana duba yara kyauta har shekara 6: awo, rigakafi, shawara kan abinci da barci. Cikin gwaje-gwajen da doka ta wajabta, uku ne ake ba da takardar shaida a kansu: na kwana 8 na farko, na wata 9, da na wata 24. Yaran da aka haifa daga 1 ga Janairu 2018 dole a yi musu rigakafin cuta 11, kuma tun 2025 an faɗaɗa na sanƙarau, cutar da ba sai an yi wa ɗan Nijar bayaninta ba. In ba a yi su ba, kiresh da makaranta ba za su riƙe yaro ba. Likitoci kan kuma dage a kan ɗigon bitamin D, musamman ga yara masu baƙar fata, domin ranar can ba ta isa jiki ya samar da abin da ƙashi ke buƙata.

Tsoron da ya fi yawo tsakanin baƙi shi ne cewa ma'aikatan nan masu ƙwace yara ne. Raba yaro da iyayensa ba da yardarsu ba hukunci ne na shari'a, ba ra'ayin matar da ke awo ba. Amma gaskiya ne cewa ma'aikacin lafiya ko malamin da ya ga alamar duka a jikin yaro zai kai rahoto, kuma akwai lamba 119 da kowa ke iya kira, har da maƙwabci. Tun 10 ga Yuli 2019 dokar ƙasar ta ce ikon iyaye a kan ƴaƴansu ana gudanar da shi ba da duka ko cin zarafi ba, kuma ana karanta wannan sashe ga ango da amarya ranar ɗaurin aure a ma'aikatar magajin gari.

Wasu iyaye na ganin an ɗaure musu hannu. A ganina, abin da suka rasa ya fi bulala girma. A gidan Bahaushe, in uba ya tsawata, yaro na da inda zai ruga: kaka ta ɓoye shi bayan zaninta, ta yi masa wasan jika, ta ce wa uban ya isa haka. Horon na da zafi, amma akwai mai ceto. A ɗaki biyu da falo, mai faɗa da mai ceto mutum ɗaya ne, kuma a gajiye yake. Marin da aka yi a nan ba shi da wanda zai sanyaya shi.

Akwai kuma abin da ake yi wa mummunar fahimta. Uwar da ke kunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa gaban mutane. Ma'aikaciyar kiresh da ta ga uwa ta zo ɗaukar ɗanta ba sumba ba murna tana iya zaton akwai matsala tsakaninsu. Irin wannan saɓani ne ya sa likitoci kamar Marie Rose Moro suka daɗe suna ganawa da iyalan baƙi tare da tafinta a asibitin Avicenne da ke Bobigny, domin a ji ma'anar abu daga bakin masu shi. Ga iyaye, faɗin al'adar a fili tun ranar farko ya fi barin a yi musu fassara.

Hausar da ke zubewa

Tun watan Satumba na 2019 karatu ya zama dole ga kowane yaro daga shekara 3. Awa 24 a mako yana cikin Faransanci, ban da lokacin cin abinci da na jiran iyaye. Cikin ƴan watanni sai uwa ta yi masa magana da Hausa ya amsa da Faransanci.

Ƴan Nijar na da wani rauni na musamman a nan. Mafi yawan waɗanda suka je Faransa ƴan lakol ne, Faransanci na bakinsu tun daga gida. In mijin Bahaushe ne matar Bazabarma, sau da yawa da shi suke hira tun a Yamai. Don haka ba wani abin da ke tilasta wa yaro ya yi Hausa: ya san in ya nemi ruwa da Faransanci za a ba shi. Wasu iyayen ma da gangan suke barin harshen gida, wai kada yaro ya rikice ko ya yi jinkirin magana. Masana harshen yara sun daɗe da watsar da wannan zato. Tashi da harshe biyu ba ya hana magana, kuma cakuɗa su a jimla ɗaya a shekara 2 ko 3 ba ciwo ba ne. Abin da ke riƙe harshe shi ne yawan jinsa da kuma buƙatarsa, wato a samu wani da yaron ke so wanda ba ya jin komai sai Hausa.

Wannan mutum kusan kullum kaka ce, ta cikin WhatsApp. An yi sa'a agogo bai raba ƙasashen biyu ba: lokacin sanyi awa ɗaya suke, lokacin zafi Faransa na gaba da awa guda kawai. Kiran minti goma kowane marece, da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko da rabi ce, ya fi doguwar hira sau ɗaya a wata wadda manya ke ƙwace wayar. Sai dai kaka ta yi haƙuri da jikan da ke kallon tsakar idonta yana magana. A makaranta haka ake koya masa, can sunkuyar da kai ne ake ɗauka rashin gaskiya.

To, a turo shi gida?

Riƙo ba baƙon abu ba ne gare mu, kuma akwai iyalan da suka tura yaro suka ga amfaninsa: ya dawo da Hausa, da gaisuwa, da sanin danginsa. Amma akwai lissafin da ya kamata dangi su sani kafin su ce an yi musu rowar jika.

Taimakon CAF na yaron da ke zaune a Faransa ne. In ya wuce wata 3 a waje cikin shekara, ana iya tsayar da shi. Haihuwa a Faransa kuma ba ta mai da ɗan baƙi Bafaranshe nan take ba, sai daga baya, in ya cika sharuɗɗan zama a ƙasar. Kafin nan da fasfo na Nijar yake tafiya, tare da wata takardar shige da fice ta yara baƙi wadda ba ta wuce shekara 5. In ta ƙare yana gida, komawarsa sai da biza. Ga shi ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairu 2024, jiragen Air France kuma sun daina zuwa tun Agusta 2023, sai a bi ta Kasabalanka ko Istanbul da yaron da ba ya zama wuri ɗaya. Wannan tsaiko ya shafi ɗaya dabarar ma, wato a kawo kaka ta yi ƴan watanni: takardar masauki daga magajin gari, inshorar lafiya, da bizar da ba ta wuce kwana 90.

Akwai kuma abin da ba ya cikin takarda. Yaron da aka kai yana da shekara 2 aka ɗauko yana da 6, an raba shi da uwa sau biyu ke nan, domin a karo na biyu kakar ce uwar da ya sani.

Shi ya sa da yawa suka tsaya a kan zuwa hutu. Nan ma da abin lura, domin babban hutun Faransa, Yuli da Agusta, ya faɗo tsakiyar damina, lokacin da sauro ya fi yawa. Yaron da aka haifa a Turai jikinsa bai taɓa haɗuwa da masassarar cizon sauro ba, kuma a wannan shekaru tana iya yin tsanani cikin kwana ɗaya ko biyu. Ana yi masa rigakafin shawara, wanda ake bayarwa daga wata 9, likita ya rubuta maganin kariya da za a sha kafin tafiya, da lokacin zama, da bayan dawowa, sannan gidan sauro kowane dare ko da ƴan uwansa na kwance a fili suna yi masa dariya. In zazzaɓi ya kama shi cikin watanni uku bayan an koma, asibiti za a nufa a ranar, kuma abin da za a fara gaya wa likita shi ne daga Nijar yaron ya dawo.