Jirgin Masassaƙi, Tarun Kanti

Wanda ya tsaya a kan gadar shataletalen Kwame Nkrumah, inda kowa ke kira Circle, ya leƙa kogin Odaw, ba zai ga mai fatsa ko ɗaya ba. Ruwan baƙi ƙirin ne, yana tafe da ledoji da gorunan roba, ya wuce Agbogbloshie ya faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku. Amma ɗan hawa kaɗan a motar trotro zuwa Nima ko Maamobi, sai ka ga kifi a kusan kowace tukunya. Yana kan waakye, wato shinkafa da waken da Hausawan Zango suka ba ƙasar Gana har da sunansa. Yana cikin shito, yajin nan mai mai da ake dakawa da busassun ƙananan kifi da jatanlande. Ranar Laraba kuwa, ranar kasuwar Nima, kwandunan banda ne jere, wasu daga bakin teku, wasu daga Yeji can saman tafkin Volta. An daɗe ana ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin dabba da mutanen Gana ke ci daga kifi yake.

Mai ci ba ya tambayar da me aka kama. A ƙasashen masu kuɗi kuwa, wannan tambaya ta zama babbar muhawara tsakanin masu kamun kifi don nishaɗi: sandar fatsa ta hannun gwani, ko ta kamfani?

Gwanayen can da gorar Tonkin suke aiki, wani irin gora da ke fitowa a gefen kogin Sui a kudancin Sin. Maƙerin sanda zai tsaga gorar, ya gasa ta da wuta don ta yi tauri, ya fere sili shida, kowane yana sirancewa daga gindi zuwa kai, sannan ya manne su su zama sanda mai kusurwa shida. Sanda ɗaya takan cinye sa'o'i 40 ko fiye, kuɗinta kuma yakan haura dala 2,000, mai so ya jira watanni kafin layi ya zo kansa. Irin wannan sana'a ce ta ɗaukaka Hiram Leonard a Amurka a shekarun 1870, da gidan Hardy da aka kafa a garin Alnwick na Ingila a 1872. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sandar zaren gilashi ta shigo, a 1973 kamfanin Fenwick ya fito da ta zaren kabon, mai sauƙin nauyi kamar kara. Yau Shimano da Daiwa na Japan ne manyan sunaye, birnin Weihai na lardin Shandong a Sin kuma yana ƙera sanduna kamar ana zuba tsakuwa. Sandar gora ba ta mutu ba, ta dai koma abin ado da alfahari, kamar babbar rigar da aka yi wa aska takwas da hannu a zamanin ɗinkin kwamfuta.

A Gana, irin waɗannan sanduna masu injin naɗe zare sai a wurare kamar Ada Foah, inda Volta ke shiga teku, a hannun baƙi da masu hali da suka je hutun ƙarshen mako. Masuncin Jamestown ko Chorkor ko Tema ba ruwansa da sanda. Ko waɗanda sana'arsu ƙugiya ce, masu jiragen da ake kira lagas saboda akwatin ƙanƙarar da suke tafiya da shi, zaren suke riƙewa a hannu, yatsa ke gaya musu kifi ya taɓa. Saboda haka gardamar hannu da kamfani a nan ta ɗauki wata kama, kuma an riga an raba gadon tun tuni: abin da ke nutsewa cikin ruwa na kamfani ne, abin da ke yawo a kansa na masassaƙi.

A fara da jirgin. Daga gungumen bishiya ɗaya ake sassaƙa shi, bishiyar da mutanen Akan ke kira wawa. Bahaushe zai yi murmushi da jin sunan, amma itacen ba wauta a cikinsa: ba shi da nauyi, yana da sauƙin sassaƙa, yana kuma tsayi sosai ba reshe. A dajin ake kayar da shi, a yankunan Ashanti da Ahafo da makamantansu, masassaƙa su tare a wurin makonni da gizago da gatari, yanzu kuma har da zarto mai inji. In ƙwaryar jirgin ta fito, sai a ɗora ta a babbar mota zuwa bakin teku. A can kafinta zai ƙara mata katakai a gefe don ta yi zurfi, ya kafa benci-benci, ya yi mazaunin inji a gefen baya. Mai fenti ne na ƙarshe: tutar wata ƙasa da ɗan mai jirgin ke ci-rani, tambarin ƙungiyar ƙwallo, ayar Baibul, karin magana da harshen Ga ko Fanti. Cikin jirage sama da 10,000 da ke gaɓar tekun Gana, da wuya a sami biyu iri ɗaya.

Wannan shi ne aikin oda na gaskiya. Mai jirgi ne ke faɗin tsawon da yake so, gwargwadon tarun da zai ɗauka da yawan mutanen da za su ja shi. Dalilin da ya sa jirgin kamfani bai kore shi ba kuwa yana bakin ruwan. Yawancin wuraren sauka a Gana rairayi ne tsirara, igiyar ruwa na dukan gaɓa da ƙarfi, jirgi sai ya ratsa ta ya fita, ya dawo a kanta, a jawo shi kan gungume zuwa tudu. Gindin da aka sassaƙa daga itace ɗaya, mai kauri, ba mahaɗi, yana jure wannan duka shekara da shekaru. In ya tsage, kafintan unguwa ya san maganinsa. An sha gwada jiragen zaren gilashi, amma tsada da rashin sabo sun hana su yaɗuwa. Abin da zai iya kayar da masassaƙi shi ne dajin kansa, domin manyan bishiyoyin wawa da za su ba da jirgi mai tsawon mita 15 ko fiye suna ta ƙaranci, masu katako ma su suke nema.

Taru labarinsa daban. Kakannin masuntan yau da zaren auduga suke saƙa, su jiƙa shi a ruwan ɓawon itace don kada ya ruɓe, su shanya shi bayan kowace fita. A 1935 masanan kamfanin DuPont a Amurka suka ƙirƙiro nailan, kuma cikin shekarun 1950 zuwa 1960 ya mamaye bakin tekun Afirka ta Yamma tare da injin da ake ratayawa a jirgi. Ba wanda ya yi kukan rabuwa da tsohon taru. Nailan ba ya ruɓewa, ba ya shan ruwa ya yi nauyi, kuma ana sayen sa dila-dila a saƙe. Ƙugiya ma haka. Maƙera sun daɗe suna lanƙwasa ta, amma tun 1877 kamfanin Mustad na garin Gjøvik a Norwe ya sami injin da waya ke shiga ta nan ƙugiya ta fito ta can, kuma kwalinsa mai hoton mabuɗi ya zama abin da masunta ke nema tun daga Tema har Yawuri. Injin kuwa, in an ce mai ƙarfin doki 40, Yamaha ake nufi, sauran sai dai a bi bayansa. A nan suna yana da daraja, domin mutumin da injinsa ya mutu a tsakiyar teku ba ya da gefen hanyar da zai faka.

Sai dai kamfani ba ya sayar da taru gamamme. Yadi yake sayarwa. Manyan tarukan da ake kira ali da poli da watsa, waɗanda wasu ke kai ɗaruruwan mita, a bakin teku ake haɗa su: a ɗinka ƙyalle da ƙyalle masu ido daban-daban, a ɗaure igiyar sama da abin da zai sa ta taso, ta ƙasa da dalma, a jera zobban da za a zuge bakin tarun kamar jaka. Yawan dalmar da tazarar ɗaurin sirrin kowane mai jirgi ne. Ranar Talata, da al'adar Ga da Fanti ta hana shiga teku, ita ce ranar ganin wannan aiki. Maza ne zaune a rairayi, taru a maƙale a babban yatsan ƙafa, allurar saƙa na kai da kawowa. Tela bai daina aiki don masaƙa ta koma inji ba, haka shi ma masunci.

Bahaushen da ya san Argungu zai gane wannan. A bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba a shiga kogin Matan Fada sai da homa da gora. Can an killace kayan gargajiya da doka, na kwana ɗaya. Washegari Bakabe zai koma wa tarunsa na nailan da mamarinsa mai ɗaruruwan ƙugiyoyin kanti. Mafi kyawun misali shi ne gurar Mali, wadda masuntan Mali suka yaɗa har Kainji da tafkin Cadi: ƙashinta tsumagiya ce da aka lanƙwasa da hannu, rigarta ragar kamfani.

Inda kayan kanti suka zama matsala shi ne inda araha ta yi yawa. Tarun roba mai sili ɗaya, wanda galibi daga Asiya ake shigo da shi, kifi ba ya ganin sa a ruwa, don haka yana kamu sosai. Ba ya kuma karɓar gyara yadda na zare ke karɓa. In ya yage sai a yar, shi kuwa ba ya ruɓewa, ya ci gaba da kama kifi da kunkuru a ƙarƙashin ruwa ba mai ɗauka. Dokokin kamun kifi na Gana na 2010 sun haramta shi a teku, tare da kamu da hasken fitila da janareta, amma duk wanda ya zaga bakin ruwa ya san takarda daban, rairayi daban. A kan wannan ga manyan jiragen ja, da cinikin saiko da suka daɗe suna yi, wato kwashe ƙananan kifin da hakkin masu kwalekwale ne, su daskarar da shi su sayar a tsakiyar teku. Kifin da ake kira amane, abincin talaka, wanda ake kama fiye da tan 100,000 a shekara a tsakiyar shekarun 1990, ya faɗo ƙasa da tan 30,000 a 2016. A 2019 aka fara rufe teku na wata guda ga masu kwalekwale, a 2021 kuma Tarayyar Turai ta sake ba Gana katin gargaɗi kan kamun da ya saɓa doka.

Ba adalci ba ne a ɗora wa taru laifin duka, kuma masu kiran a koma kayan kakanni ba su taɓa jan jiƙaƙƙen tarun auduga da asuba ba. Amma akwai abin lura. Lokacin da taru ke cin watanni kafin a saƙa shi, yawan tarukan da ke ruwa yana da iyaka ko ba doka. Kanti ya cire wannan iyaka, hukuma kuma ba ta maye gurbinta da wata mai ƙarfi ba.

Daga jirgi kifin hannun mata yake komawa, kuma a nan ma aikin hannu ne ke riƙe da kasuwa. Murhun bandar da ake kira Chorkor, wanda aka ɓullo da shi a 1969 da haɗin gwiwar matan unguwar da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar binciken abinci ta Gana, ginin laka ne ko bulo, da farantan katako masu ragar waya da ake jerawa hawa-hawa. Magini ya gina, kafinta ya buga farantan, wayar kaɗai ce ta kanti. Ya yaɗu zuwa ƙasashen Afirka da dama, domin yana cin itace kaɗan ya gasa kifi da yawa.

Daga kan waɗannan farantai ne kwando ke hawa mota, ya ratsa cunkoson Circle, ya haura Nima. Hajiyar da ke tuyar shito a Maamobi ba ta taɓa ganin sandar Tonkin ba, ba ta kuma san Weihai ba. Abin da ta sani shi ne mudun amane ya ƙara kuɗi, kifin da ke cikinsa ya ƙara ƙanƙanta, kuma shagunan sanyi da ke sayar da daskararren kifin kwali daga ƙasashen waje sun fi na da yawa a layinsu.