Amanar Mai Karatu: Wa Ya San Abin Da Ka Karanta a Laburare?

Mutum ba ya shiga laburare don nishaɗi kaɗai. Wata mace takan nemi littafi a kan ciwon da ba ta gaya wa ko mijinta ba tukuna. Wani magidanci bashi ya sha masa kai, yana neman abin da doka ta ce. Wani saurayi kuma yana so ya karanta Littafi Mai Tsarki, amma a gidansu ba za a yarda ba. Dukansu sun bar sawu a hannun ma'aikacin laburare. To, me zai yi da wannan sawu?

A dā, kowane littafin aro yana da ɗan aljihu a bangon baya, da kati a ciki. Wanda ya ara sai ya sa sunansa. Wanda ya zo daga baya kuwa, yana zaro katin sai ya ga sunayen duk waɗanda suka riga shi. Yanzu kwamfuta ta karɓi aikin kati, ita kuwa ba ta mantuwa sai an umarce ta.

Ma'aikatan laburare na Amurka sun daɗe suna fama da wannan al'amari. Tun 1939 ƙungiyarsu ta rubuta cikin ƙa'idodin aikinta cewa abin da ma'aikaci ya sani game da mai karatu amana ce. A 1970 sai ga jami'an haraji na gwamnati sun shiga waɗansu laburare suna neman sunayen waɗanda suka ari littattafai a kan abubuwan fashewa. Wannan ya sa a 1971 ƙungiyar ta shawarci kowace laburare kada ta ba da irin waɗannan sunaye sai da umarnin kotu. A 1987 kuma jaridu suka tona cewa hukumar bincike ta FBI tana bin laburare tana tambaya a kan abin da baƙi daga ƙasashen gurguzu suke karantawa. Yau jihohi 48 cikin 50 na Amurka suna da dokar da ta kāre sirrin mai karatu.

Babban gwaji ya zo bayan harin 11 ga Satumba 2001, sa'ad da aka ƙara wa jami'an tsaro iko. A 2005 jami'an FBI suka kai wata wasiƙa ga wata ƙungiya mai kula da kwamfutocin laburare fiye da 20 a jihar Kanetikat. Suna so a faɗa musu wanda ya yi aiki da wata kwamfuta a wata rana. Babu sa hannun alƙali a wasiƙar, an kuma hana waɗanda suka karɓe ta su gaya wa kowa, ko da iyalinsu. Mutum huɗu, wato George Christian, Barbara Bailey, Peter Chase da Janet Nocek, suka ƙi, suka kai ƙara kotu. Wata da watanni ba su da ikon ko faɗin sunansu a fili. A 2006 gwamnati ta janye, aka buɗe musu baki. Ba su ce kada a kama mai laifi ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne, a bi ta hannun alƙali, domin in mutane suka san ana leƙen abin da suke karantawa, za su daina neman sani.

Daga irin waɗannan abubuwa ma'aikatan suka koyi wata dabara: abin da ba ka ajiye ba, ba wanda zai ƙwace shi a hannunka. Saboda haka a laburare da yawa, da zarar an mayar da littafi, kwamfuta takan raba sunan mai aro da sunan littafin. Takardar da ake rubuta sunayen masu jiran layin kwamfuta akan yayyage ta in an tashi aiki. Akan kuma sa wa kwamfutocin jama'a manhaja irin su Deep Freeze, wadda take share duk abin da mutum ya yi da zarar an kashe an kunna. Har zaman kwamfutar akan lura da shi, don kada mai wucewa ya riƙa karanta abin da yake kan allon.

Kada mu ce wannan labarin Turawa ne. Tun 2015 'ya'yanmu a Nijeriya suke rubuta jarrabawar JAMB da kwamfuta, kuma da yawansu a kwamfutar makaranta ko ta shagon intanet suke cika takardun neman makaranta da na neman aiki. A can suke barin suna, da ranar haihuwa, da lambar katin ɗan ƙasa, da hoto. A 2023 aka sa hannu a dokar kāre bayanan mutane ta Nijeriya, wadda ta ɗora nauyi a kan mai tara bayanan jama'a. Makarantun ekklesiya masu laburare su sani wannan nauyi ya hau kansu.

Rigakafi ya fi magani. Ku koya wa yara, in kwamfuta ta tambaya ko ta adana kalmar sirri, su ce a'a. In sun gama, su fita daga imel ko Facebook sarai, gama rufe shafin kaɗai bai isa ba. Su share abin da suka sauke, su kuma kwashe takardunsu daga firinta. Harkar banki kuwa kada a yi ta a kwamfutar jama'a, domin mugu yakan iya dasa abin da yake ɗauke duk harafin da aka buga.

Wani uba zai ce, “To, ni fa? Ba ni da ikon sanin abin da ɗana yake kallo?” Tambaya ce mai kyau. A Amurka ma dokar shekara ta 2000 ta wajabta wa laburaren da suke karɓar wani tallafi na gwamnati su sa abin tace hotunan batsa, Kotun Ƙoli kuma ta amince da ita a 2003. Kāre yaro daga ƙazanta daidai ne. Amma tarbiyya aikin gida ne. Uban da yake zama da ɗansa suna hira zai san abin da yake zuciyarsa fiye da wanda ya je yana binciken rajista a ɓoye.

Ku kuma da aka danƙa wa mabuɗin laburaren makaranta ko na majami'a, ku tuna ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Littafin Misalai 11:13 ya bambanta mai tsegumi da mai aminci, ku buɗe ku karanta. Sunan littafin da wata 'yar'uwa ta ara ba abin hira ba ne a zumuntar mata, ba kuwa abin da za a fake da roƙon addu'a a baza ba ne. Wataƙila wanda ya zo yau a ɓoye yana neman gaskiya, shirunku ne zai sa ya komo gobe. Ubangiji ya ba mu alherin riƙon amana. Amin.