HAKKIN JINJIRI YANA FARAWA TUN DAGA CIKI

'Yan'uwa Musulmi, duk wanda ya tsaya bakin ruwa a Yelwan Yawuri ko Wara ta ƙasar Ngaski zai ga kwandunan kifi ana loda su a mota zuwa nesa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin nan yake ciyar da garuruwan da ba su taɓa ganinsa ba. Abin tambaya shi ne, nawa daga cikin kifin yake isa akushin mai ciki da mai shayarwa a gidan wanda ya kamo shi, ko wanda ya sare shi?

Dalilin tambayar ga shi. A gindin ƙwaƙwalwa Allah Ya halicci wani ɗan sashe, likitoci na ce masa haifotalamus, shi ne alƙalin yunwa da ƙoshi. Kitsen jiki yana aika masa da wani sinadari, leftin, wanda aka gano a 1994, domin ya sanar da shi ko rumbu ya cika. A 2004 masana a Amurka suka nuna cewa a jikin jariran ɓeraye leftin ɗin nan ne yake shimfiɗa jijiyoyin da saƙon zai riƙa bi. In shimfiɗar ta karkace tun farko, gyaranta bayan girma da wuya.

Wani zai ce ai ɓera ba mutum ba ne. Gaskiyarsa. To, sai mu dubi mutane. A yunwar da ta auka wa ƙasar Holan a 1944 zuwa 1945, an haifi 'ya'ya da dama. Da aka auna samari wajen 300,000 masu shekara 19, rahoton 1976 ya nuna waɗanda yunwar ta riska a farkon zamansu a ciki sun fi saura yawan ƙiba. Jikin da ya saba da rashi tun bai ga duniya ba, in ya sami yalwa sai ya yi ta tari.

Yawa ma yana da nasa lahani, kuma nan ne muke jan kunnen ma'aikata da attajirai. A Ingila an yi rabon sukari a ƙayyade har 1953. Binciken 2024 ya nuna waɗanda suka yi kwana dubunsu na farko cikin ƙayyadewar sun fi tsira daga ciwon sukari da hawan jini. Mu kuwa lemon kwalba muke ɗura wa ɗan wata takwas, wai alamar wadata.

Shari'a ba ta bar uba da hujja ba. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga mai son cikawa, ta kuma ɗora ci da tufafin uwa a wuyan uba. Mazhabarmu ta Malikiyya ta yardar wa mai ciki ta sha azumi in ta ji tsoro ga cikinta, ta rama daga baya. Mai shayarwa kuma ta rama tare da ciyarwa. Mijin da ke hana matarsa wannan rangwame don kunyar maƙwabta, ya san da wa yake jayayya.

Saura dakashi, wanda har yau wasu gidaje daga Shanga zuwa bakin tafki suke matsewa su zubar, wai ƙazanta ne. Ba mu san nassin da ya ce haka ba. Likitoci kuwa sun ce a sa jinjiri a nono cikin sa'ar farko, kuma kada a haɗa masa da komai, ko ruwa, sai ya cika wata shida.