Wane Kifi Ya Dace da Barajojin Adar?

Adar ƙasar duwatsu ce da koramu, ba ta da kogin da ke gudu shekara cur. Ruwan da ke sauka a yankin Tama da Buza yakan gangara kwarin Majiya cikin 'yan makonnin damina, na wajen Madawa kuma ya bi Tarka. Don a riƙe wannan ruwa aka gina barajoji irin na Ibohaman, da Mozage da Zango a wajen Ƙwanni, sannan babban aikin raya karkara na Kaita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ya ƙara ƙananan madatsu da yawa. Noman rani da tare zaizaya aka nufa da su, kifi daga baya ya shigo, kuma galibinsa zuba shi aka yi. Tunda mutum ne ke zaɓen abin da zai shiga ruwan, sanin kifi a nan ya wuce gwanintar masunci. Shi ne ke yanke ko baraji zai ciyar da gari ko a yi asarar iri.

Tarwaɗa ce ta fi dacewa da ruwan Adar. Ba ta da ɓawo, gashin bakinta takwas ne, fiffiken bayanta kuma ɗaya ne dogo har kusa da wutsiya. A nan ake raba ta da ramboshi, wanda nasa fiffiken ya kasu biyu, na bayan tsoka ce zalla. Tana shaƙar iska kai tsaye, don haka ko ruwa ya ja baya a watan Afrilu ya koma taɓo mai zafi, tana nan da ranta. Karfasa irin da aka fi zubawa ana gane ta da baƙaƙen layuka a tsaye a kan wutsiya, kuma macen a baki take rainon ƙwanta. Wanda ya buɗe bakin karfasa ya ga ƙwai ya kuma jefa ta kwando, ɗaruruwan kifin baɗi ya jefa. Akwai wata karfasa mai jan ciki da ke yin ƙwai a gurbi a ƙasan ruwa, wadda ba ta kai waccan girma ba. A ƙanana suna kama, kuma mai sayen iri da bai iya raba su ba yakan biya kuɗin wata ya tafi da wata. Gaiwa kuwa ba ta jiran a zuba ta a inda take: tana haƙa rami a laka, ta naɗe cikin yauƙinta har ruwa ya dawo.

Za a ce giwan ruwa ya fi kowane kifi kuɗi, me zai hana a cika barajoji da shi? Maganar tana da ƙafa, har ma tana da wata hujja da ba a cika kawowa ba: karfasa in ta yi yawa a ruwa ƙarami takan tsumbure, kuma kifi mai cin 'yan'uwansa yana rage cunkoson. Sai dai giwan ruwa yana son ruwa mai zurfi da wadatar iska, kuma yana iya wuce kilo 100, duka da naman wasu kifaye. A tabki mai ɗorewa irin na Tabalak, wanda aka sa cikin jerin dausayin Ramsar a 2005 tare da na Ɗan Dutsi, ana iya lissafi da shi. A madatsar da yashi ya cinye rabinta, ko dai ya cinye irin da aka zuba, ko zafin bazara ya kashe shi. Tabkin Biktoriya da girmansa bai tsira ba: a shekarun 1950 aka saka masa giwan ruwa, kuma ɗaruruwan nau'in ƙananan kifayen tabkin suka ɓace. In ana son mai rage karfasa, tarwaɗa ma tana yin wannan aiki, kuma tana jure rani.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Magidanci da rumbunsa ya ƙare ba zai jira kifi ya girma ba, balle ruwan da kowa ya san zai ƙafe. A kan tabkin da ke bushewa ƙurmus, gaskiyarsa ce. A kwashe komai kafin tsuntsaye su riga mutane. Kuskuren shi ne a ɗauki hukuncin wannan tabki a ɗora wa barajin da ke kaiwa damina. Can, taru mai ƙananan idanu, musamman gidan sauro da wasu ke mayarwa abin su, yana kwashe 'ya'yan giwan ruwa da na ragon ruwa a sayar da su tuli guda da sunan ƙananan kifi, alhali kowane ɗaya da zai yi kuɗin tulin in an bar shi shekara. Nijar tana da dokar su, amma jami'in gandun daji ɗaya ba ya tsare bakin ruwa goma, kuma da yawa daga masu shiga ruwan manoma ne da suka koyi su da girmansu.

Saboda haka aikin na kwamitin masunta ne da sarkin ruwa da magajin gari. Kafin a karɓi iri daga kowace ƙungiya, a tambayi sunansa, a duba wutsiya da fiffike, a auna zurfin da ruwan ke saura da shi a watan Mayu. Ruwan da ba ya kaiwa damina, a zuba masa tarwaɗa da karfasa. Giwan ruwa a bar wa manyan tabkuna.