Gem Ɗin Hannu Ya Ƙi Kamawa: Kafin a Ɗauko Sukudireba

Yawancin gem ɗin hannu da ake jefawa cikin kwali a Tasawa da sunan sun mutu, da ransu. Batirinsu ne ya ƙare ƙarƙaf, mai su kuma ya kasa haƙuri. Yaro ya jona caja, ya danna maɓalli sau biyu, allo ya tsaya baƙi ƙirin, sai ya ɗauko wuƙa ya hau kwance noti. A nan ne ake yin ɓarnar gaske.

Batirin litiyom da ke cikin PSP na Sony, wanda ya fito a 2004, da Nintendo Switch na 2017, yana aiki ne a kusan bolt 3.6 zuwa 3.7. A jikinsa akwai ƴar na'urar kariya da ke katse shi idan ƙarfinsa ya faɗi ƙasa ainun. Irin wannan batiri sai ya sha caji a hankali kafin ya farfaɗo, kuma kafin nan allo ba lallai ya nuna komai ba. Mutanen wannan yanki sun san yadda na'ura ke kwana da yunwa: kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma a Agusta 2023 Najeriya ta yanke shi, ba ta maido ba sai Maris 2024. Gem ɗin da ya share waɗannan watanni a aljihun tebur ba zai tashi cikin minti biyar ba. A bar shi a wuta awa guda, ko ma ya kwana, sannan a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 20, a saki, a sake dannawa sau ɗaya.

Caja ita ce abin zargi na biyu, kuma a ganina ta fi kowa laifi. PSP na son bolt 5 ta bakinsa mai zagaye. Cajar Switch ta asali tana ba da bolt 5 da 15 ta USB-C. Ƙaramin kan caja na araha, irin wanda ake jerawa a rumfar cajin waya mai aiki da hasken rana, sau da yawa ba ya iya tayar da batirin da ya suma. A gwada wata caja da wata igiya. A haska bakin cajin da tocila: ƙurar hunturu da zaren aljihu kan dunƙule a can ciki, su hana kan igiya zama. Tsinken sakace ake sa wa, ban da allura.

Wani lokaci ma gem ɗin a kunne yake. A kara shi a kunne. In ana jin sauti, mai yiwuwa fitilar allo ce ta mutu. Tsohon Game Boy na 1989 kuwa, mai cin batir AA huɗu, yana da ɗan gargare a gefe na daidaita duhun allo, kuma in an murɗa shi ƙarshe sai a rantse bai kama ba. A buɗe gidan batirinsa a duba: farin gari ko koren tsatsa a kan ƙarfen alama ce batir ya yi yoyo. Busasshen buroshin haƙori da ɗan kankarewa sun isa.

Abin da ba a wasa da shi shi ne kumburi. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana wuce digiri 40, na'urar da aka bari ƙarƙashin rufin kwano kuwa ta fi haka sha. Idan murfin bayan PSP ya ƙi rufuwa, ko batirin ya yi ciki kamar fanke, a cire shi, kada a ƙara jona shi, kada a huda, kada kuma a jefa shi cikin sharar da za a ƙona, domin yana iya kamawa da wuta.

In an bi duk wannan shiru, sai a kai wa mai gyaran waya. Wanda ya san aikinsa mita zai fara ɗaukowa ya auna batiri da fis. Wanda ya fara da ɓare wayoyin wuta biyu da zai ɗosana wa batirin kai tsaye don ya “tashe shi”, a karɓe kaya a yi gaba. Gem ɗin da za a ajiye kuma, Nintendo na ba da shawarar a riƙa yi masa caji aƙalla sau ɗaya cikin wata shida.