Zoben Da Ba Na Alkawari Ba

'Yan uwana mata, na san da kun ga kalmar zobe zuciyarku ta tafi wajen baiko da kayan lefe. To ku yi haƙuri, zoben da zan ba ku labari a ƙafar tsuntsu na gan shi, a nan cikin birnin Katsina, ina aji uku na sakandare.

Da kaka ne, an gama yankan gero, iska ta fara sanyi. Ƙanena ya dawo daga bakin kududdufin bayan unguwarmu da danƙonsa, riƙe da wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa-ƙasa da ya harbo. Zai fige shi ke nan sai na hango wani abu yana ƙyalli a ƙafarsa. Ɗan zobe ne na farin ƙarfe, da lambobi a jiki, da wata kalma da na haɗa baƙaƙenta da ƙyar: Helsinki.

Goggo na gani ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ke 'yar nan, mi kike yi da kayan sammu? Wani aka yi wa kurciya, ku fitar mini da shi daga gida!" Wallahi ni ma jikina ya yi sanyi.

Washegari na faɗa wa malamarmu ta kimiyya, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce Helsinki babban birnin Finland ne, can ƙuryar arewacin Turai, ƙasar dazuzzuka da tafkuna. Idan kakarsu ta zo, wajen watan Agusta zuwa Oktoba, ganye ya fara zuba, ƙwari sun yi ƙaranci, sai tsuntsaye su kamo hanyar Afirka. A lokacin ne masu nazarinsu suke fita da asubahi su kafa wata raga mai laushi tsakanin itatuwa. Wanda ya faɗa sai a ciro shi a hankali, a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a sa masa zobe mai lambar da babu mai irinta, a rubuta a littafi, a sake shi. Shi ke nan sai jira. Yawancinsu ba a sake jin ɗuriyarsu.

Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmark mai suna Mortensen ya fara wannan aiki a 1899. Kafin nan Turawa sun daɗe suna gardama kan inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu, har wasu na cewa cikin laka suke shigewa su yi barci! A 1822 aka harbo wani ɗan uwan shamuwa a Jamus da mashin Afirka cake a wuyansa. Da shi ya yi duk tafiyar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hamada. Wasu daga cikin baƙin nan nauyinsu bai wuce giram 10 zuwa 12 ba, amma sai su ci su ƙoshi, su tara kitse, su ƙetare Sahara, tafiyar fiye da kilomita 1,500, galibi cikin dare. Shamuwarmu tana tafiya kudu da ƙarewar damina, su kuma suna sauka. Masu yawa suna yada zango a fadamun Haɗeja da Nguru, musamman Dagona ta jihar Yobe, inda Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya kai ziyara a 1989. A Jos kuma akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis, inda 'yan Najeriya, har da mata, suke koyon sa zoben da hannunsu.

Malama ta ce in kawo mata namu, a rubuta lambar da ranar da wurin da aka same shi, a aika Helsinki, za su ba mu amsar inda aka sa shi da yaushe. Ke ma in kin taɓa cin karo da irinsa, abubuwa ukun nan kawai ake buƙata.

Ana tashi na rugo gida ko littattafaina ban ajiye ba. Na tarar Goggo ta riga ta tura ƙanena ya jefa zoben cikin kududdufi, ta kuma turara ɗakin da ya kwana. Lambar kuwa, biyun farko kawai na riƙe, su ma yau sun ɓace mini.